Wane wasa za a yi da yaran rauda a hutun bazara na Makka?

Tambaya: Wata malama da ke koyarwa a wata ƙaramar rauda, wato makarantar ƙananan yara, ta wajen Shara Mansur, a Makka, ta rubuto cewa an bar mata yara 14 da za su ci gaba da zuwa a hutun bazara, saboda iyayensu mata na fita aiki. Ƙaraminsu shekara biyu da rabi, babbansu biyar. Ita ce da mai taimaka mata guda ɗaya, ɗakuna biyu masu mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, sai ɗan tsakar gida mai tayil. Suna zuwa 6:30 na safe, su tashi da azahar. Ta ce kafin ƙarfe goma faɗa da kuka sun kaure, sai a kunna musu talabijin a samu lafiya. Tana neman wasannin da ba su da tsada, kuma ba za su cutar da yaran a wannan zafi ba.

Amsa:

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Faɗa da kukan da kike gani kafin ƙarfe goma ba rashin kayan wasa ne ke kawo su ba. Yaro ɗan shekara uku ko huɗu jikinsa na neman gudu da tsalle kullum, ana zafi ko ana sanyi, in kuwa bai samu ba to a kan na kusa da shi zai huce. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce yaro mai shekara 3 zuwa 4 yana bukatar motsa jiki na minti 180 a yini, aƙalla minti 60 daga ciki ya zama irin wanda zai sa shi haki. Ta ce kada a zaunar da shi wuri ɗaya fiye da awa guda a jere, kallon talabijin ko waya kada ya wuce awa ɗaya, barci kuma awa 10 zuwa 13. Tunda rabin yinin yaran nan a hannunki yake, kuma kin san in sun koma gida bango huɗu ne da waya, ki ɗauka minti 90 daga cikin 180 ɗin naki ne. Tambayar ita ce ina za a samo su a garin da zafin rana ke haura digiri 42 a Yuni da Yuli. Saboda haka agogo za a fara tsarawa, wasa ya biyo baya.

A Makka rana na fitowa wajen 5:40 a watan Yuni, ta kai wajen 6:00 a Agusta, kuma ko da asuba zafin bai cika sauka ƙasa da digiri 29 ko 30 ba. Tsakar gida taki ce daga isowarsu zuwa 7:30, in akwai rumfa ko inuwar bango ki iya kaiwa 8:00. Abin da aka saba shi ne a fara da halƙar safe, wato zaman da'ira da yara, da karin kumallo, sai ƙarfe tara a ce a fita wasa. Ki juya tsarin: suna ajiye jaka su fita, a ci abinci bayan an shigo. Dokar da ta hana aiki a cikin rana daga 12 zuwa 3, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, an yi ta ne don ƙarti majiya ƙarfi. Ba ma'aunin yara ba ce. Jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, kuma in wasa ya yi masa daɗi ba zai ce yana jin ƙishirwa ba.

Kafin ki buɗe musu ƙofa, abu uku za ki duba da kanki kowace safiya. Ki ɗora bayan hannunki a kan tayil da duk wani ƙarfe ko roba da za su taɓa, ki ƙirga biyar. In ba ki iya jurewa ba, tafin ƙafar yaro ba zai jure ba. Ciyawar roba da baƙin shimfiɗin roba sun fi tayil ɗaukar zafi, kada launin kore ya ruɗe ki. Na biyu, ruwan famfo. Tankin da ke kan rufin gida ya wuni ya kwana a zafi, kuma ruwan da ya tsaya a cikin tiyo yana iya ƙona fatar yaro cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ki bar shi ya zuba a ƙasa tukuna, ki gwada da gwiwar hannu, ko kuma ki tari ruwan wasan tun da dare a babbar roba mai murfi, ya kwana a ɗakin da ake kullewa. Na uku, murfin tankin ƙasa. Gidaje da yawa a nan bakin tankinsu a tsakar gida yake, kuma mai kawo ruwa yakan tafi ya bar shi a sake. Kwaɗo za a sa masa, ba dutse ba.

Wasan ruwa shi ne ya fi komai riƙe yara a wannan lokaci, shi ne kuma ya fi neman ido. Ba sai kin sayi wurin ninƙaya na hurawa ba, kuma a ganina da yara 14 da manya biyu gara ma a bar shi. Baho mai faɗi guda biyu ya isa, kowanne ruwan cikinsa kada ya wuce santimita 5, wato tsawon ɗan yatsanki ƙarami. Ki ɗora su a kan kujera 'yar tsugunne ko kwalin ruwa da aka kife, yadda yara za su tsaya a gefe su sa hannu, ba su shiga ciki ba. A kowane baho ki zuba kofunan roba masu girma daban-daban, mazurari, matacin shayi, ludayi, soson wanke-wanke sabo da aka yanka gida biyu, da gorar ruwa da aka huda gindinta da ƙusa wuri biyar ko shida. Yara huɗu a baho ɗaya, ba su wuce haka ba. Abin da ke jawo faɗa a nan kusan kullum ɗaya ne: mazurari ɗaya, yara huɗu. Duk abin da ya fi jan hankali ki sa shi bibbiyu ko uku iri ɗaya, launi ɗaya, domin in ɗaya ja ne ɗaya shuɗi, ja ɗin za su yi wa rubdugu.

Sauran shidan da ba su samu baho ba, ki ba kowa burushin fenti mai faɗin santimita 5 da ɗan kofi na ruwa zalla, su yi wa bango fenti. Ba launi, ba wanki, kuma kafin yaro ya kai ƙarshen bangon farkon ya bushe, sai ya koma. 'Yan shekara biyar kina iya ce musu su rubuta alif da ba, ko su zagaye inuwar abokinsu a ƙasa. Hannun da ke ɗaga burushi sama da kafaɗa shi ne zai riƙe alƙalami daidai gaba, don ƙarfin rubutu daga kafaɗa yake farawa ya gangaro yatsu. In kina son haki, ki jera bokiti mai ruwa kaɗan a wannan gefe da goran da babu komai a wancan gefe, tazarar taku goma, kowa ya tsoma soso ya ruga ya matse ya dawo. Kada ki mai da shi gasa tsakanin ƙungiya biyu, ki ce dukanmu muna so mu cika gora kafin malama ta gama waƙa. Tayil mai ruwa santsi ne da shi, don haka ki shimfiɗa tsohuwar darduma ko tabarmar roba a hanyar gudun, kuma ƙafa ba takalmi ta fi silifas riƙe ƙasa.

Ƙa'idar ruwa ba ta da sassauci. Ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba, kuma ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa. Bokitin fenti ko na wanki mai tsayi ya fi baho haɗari, saboda kan ɗan shekara biyu yana da nauyi in aka gwada da jikinsa, in ya leƙa ya faɗa ba ya iya fitowa. Ɗaya daga cikinku aikinta kallon ruwa kawai, ba waya a hannu, ba amsa ƙofa, ƙananan kuma su kasance inda hannunta zai kai. In dole ta tashi, ta kira sunan ɗayar ta ji ta amsa. Yaron da ke zawo ba ya shiga wasan ruwa ranar. Ana gamawa a zubar da ruwan duka, a goge cikin bahon da soso, a kife. Gogewar tana da dalili: zazzaɓin dengi sananne ne a Makka da Jidda, saurayen da ke yaɗa shi a ruwa mai tsabta suke haihuwa, ƙwansu na mannewa a jikin roba ya yi watanni a bushe yana jiran ruwa, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai cizo kwana 7 zuwa 10 ne kawai. Ki tuna da robar da ake tarar ɗigon mukayyif da ita a bayan taga. Ita aka fi mantawa.

Da kun shigo ciki, ki mai da ɗaki ɗaya na motsi, ɗayan na zama. Ki kwashe tebura daga na motsin gaba ɗaya. Ki bar mukayyif a 24 ko 25, kada ki kai shi 18, musamman in yara sun shigo da jiƙaƙƙun kaya. A canza musu kaya a goge kai kafin su shiga sanyin. Da salatif ɗin takarda, irin wanda masu fenti ke amfani da shi, kina iya zana 'yar gala-gala a kan tayil, kowane gida santimita 35 zuwa 40, da layi madaidaici na tafiya a kai, da layi mai lanƙwasa, da da'irori na tsalle. Yana ɓarewa ba tare da barin gam ba in ba ki bar shi ya wuce mako ba. Ki jera matasan jingina na falo su zama abin hawa da tsallakewa, ki buɗe kwalin firji ko na injin wanki ta gefe biyu ya zama rami na rarrafe, bayan kin cire ƙusoshin da aka ɗinke shi da su. Kwandon wanki da safa da aka dunƙule sun zama wasan jifa. Safa a hannu, ba a ƙafa ba: safa a kan tayil ita ce ke fasa haɓa.

Wasanninmu na gida suna aiki sosai, sai dai a rage musu kaifi. Langa, ki cire ture da karo, ki bar tsallen ƙafa ɗaya zuwa bango. Ɗan shekara uku tsayuwa da ƙafa ɗaya na ɗan lokaci ne iyakarsa, ɗan huɗu yana iya tsalle kaɗan, ɗan biyar ne zai yi nisa, saboda haka kada ki jera su tare ki ce wa zai riga. Dokin kara a yi shi da tsinken mofa mara kaifi ko takarda da aka nannaɗe. Gaɗa da tafi suna sa haki fiye da yadda ake zato, kuma ba sa bukatar komai. Akwai kuma wasan tsayawa: kina buga gwangwanin madara suna gudu, kin daina su ƙame. Wannan yana koya wa yaro riƙe kansa, abin da ya fi yi wa 'yan wannan shekarun wuya. Jini-jini ma haka yake, yaro ya saurara kafin ya amsa "ja", in an ce akuya ya amsa, in an ce dutse ya yi shiru. Sai dai duk wasan da ake cire wanda ya faɗi, ki cire cirewar. Yaron da aka ce ya koma gefe shi ne zai ciji wani nan da minti biyu, kuma galibi ƙaramin da ya fi bukatar wasan shi ake fara cirewa. Wanda ya yi kuskure ya yi tsalle uku ya dawo.

Kowane zagaye na motsi minti 10 zuwa 15 ya isa. In kika yi awa ɗaya a waje da safe, sannan zagaye ɗaya na minti 15 wajen 9:15, wani kamarsa wajen 10:30, kin cika 90 ɗinki. Ki lura na farkon ya faɗo kafin lokacin da kika ce rikici ke tashi. Ɓuya kuwa, ki faɗi iyaka da baki kafin a fara, kuma ki tabbata babu tsohon firji, injin wanki, akwati ko durowa mai rufuwa da yaro zai iya shiga.

Ɗakin zama ki raba shi kusurwa-kusurwa, yadda raudodin nan suka saba da arkan: wurin kwaɓi, wurin gini da kwalaye, wurin girki da 'yar tsana, wurin littattafai. Kada ki fito da komai rana ɗaya. Ki raba kayan gida uku, kashi ɗaya a waje, biyu a ɓoye, ki riƙa musanyawa duk ranar Lahadi.

Salsal ɗin kanti, wato kwaɓin da yara ke mulmulawa su ƙera abubuwa, yana da tsada ga yara 14, kuma yana bushewa. Na gida ga yadda ake yi, da kofi mai cin mililita 250: fulawa kofi 2, gishiri mai laushi kofi 1, man girki cokali 2 babba, khal (binega) ko ruwan lemon tsami cokali 2, ruwan ɗumi kofi 1. Ki dama gishirin da launin abinci a cikin ruwan tukuna, sannan ki riƙa zubawa a fulawar kaɗan-kaɗan, ki murza minti biyar. Wannan ya ishi yara huɗu ko biyar, kowa ya samu curi kamar girman lemon zaƙi, don haka kwaɓi uku za ki yi. In kina son wanda zai yi makonni, ki mai da ruwan kofi 2, ki zuba komai a tukunya a wuta kaɗan kina juyawa minti uku zuwa biyar har ya saki gefen tukunya, ki bari ya huce ki murza. In ya yi danƙo yana manne wa yatsu, ruwa ya yi yawa, ki ƙara fulawa cokali-cokali. In yana tsagewa, iskar mukayyif ce ta busar da shi, ki shafa mai ko ruwa a tafin hannu ki sake murzawa. In yana da tsakuwa-tsakuwa, gishirin bai narke ba. Masu zama Jidda za su ga yana yin gumi ko a cikin roba, domin gishiri na jan laima daga iska, nasu sai an rage ruwa kaɗan. Ajiya a roba mai murfi cikin firji. In ya canza wari ko ya yi tabo, shara. Gishirin nan da ke hana shi lalacewa shi ne kuma haɗarinsa: yana da yawan da zai cutar da ƙaramin yaro in ya ci da yawa, kuma ɗanyar fulawa ba abin ci ba ce. 'Yan ƙasa da uku sai kina zaune tare da su. Yaron da ke da ciwo a yatsa zai ji zafi, ki rufe masa da filasta. Kayan aiki kuwa muciya ƙarama, murfin kofi, cokalin roba da matsin tafarnuwa. Ki bar su su yi tuwo da miya da burodin tamis abinsu, kada ki ce kowa ya yi irin na malama.

Garin masara na nasha, wato sitacin masara, kofi 2 da ruwa kofi 1 a faranti mai faɗi, yana ba da wani abu da yara ba sa gajiya da shi: in an dunƙula ya yi tauri, in an saki ya zube. In ya tsinke ki ƙara gari, in ya ƙi motsi ki ƙara ruwa cokali ɗaya. Kada ki zuba shi a magudanar ruwa, yana kwantawa ya toshe bututu. Ki bari ya bushe ki kankare a shara, kuma kada ya kwana, a zafin nan yana tsami. Ga 'yan huɗu da biyar, ki jiƙa zoɓo, wanda ake sayarwa a nan da sunan karkade, ki tace ki zuba a kofuna masu haske. Wanda aka sa wa ɗan bekin soda zai rine ya koma duhu mai shuɗi-shuɗi ko kore-kore, in aka matsa lemon tsami ya dawo ja har da kumfa. Ki fara tambayar su me suke zato zai faru kafin ki zuba. Kada a yi da kanwa, tana cin fata da ido.

Ruwan kumfar hurawa: ruwa kofi 6, sabulun wanke-wanke na ruwa kofi 1, gilisarin cokali 1 babba, ana samu a kantin magani. A juya a hankali, kada a girgiza, a bar shi ya kwana. In kumfar na fashewa da wuri, ko dai an girgiza ya yi kumfa a sama, ko ruwan famfon ne, sai a gwada da ruwan sha. A waje ake yi da safe, don a ɗaki iskar mukayyif na fasa ta, sabulun kuma ya mai da tayil tarko. Ƙanana ba su san bambancin hurawa da zuƙa ba, ki hura musu su bi su fasa.

Ƙanƙara ma wasa ce. Ki sa babban abin wasa na roba ko ganyen na'a-na'a a robar yogot mai cin kilo ɗaya, ki cika da ruwa ya daskare, ki juye a faranti ki ba su ruwan ɗumi a gora mai matsewa su narkar. Ki ɗauraye dunƙulen ko ki bar shi minti biyar bayan fitowa daga firiza, in ba haka ba yana manne wa harshe da jiƙaƙƙen hannu. Kada a haɗa gishiri da ƙanƙara a kan fata, yana ƙonewa. Ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara kuma abin shaƙewa ne.

Maganar shaƙewa, ga ma'auni mai sauƙi: duk abin da ya shige cikin kwalin tsakiyar takardar banɗaki, ba na 'yan ƙasa da shekara uku ba ne. Wannan ya haɗa da duwatsun carafke, murfin gorar ruwa, maɓalli da ƙwallon dabino. Manyan suna iya ƙirga da ƙwallon dabino a tebur nasu daban, ki ƙirga kafin ki ba su, ki ƙirga in sun dawo da shi. Maimakon carafke ki ɗinka 'yan jakunkuna santimita 10 a 10, ki zuba shinkafa giram 100, ɗinki biyu. A shagunan kayan araha na Abu Riyalain akwai abu huɗu da zan ce ki wuce su: ƙwayoyin roba masu kumbura a ruwa, don in an haɗiye suna ci gaba da kumbura a hanji, ƙananan maganaɗisu, duk abin wasa mai batir ɗin agogo da murfinsa ba shi da sukurori, domin batirin in ya maƙale a maƙogwaro yana ƙona nama cikin awa biyu, da balan-balan ga ƙanana, tunda guntunsa in ya fashe yana like hanyar numfashi.

Daga 11:00 zuwa tashi lokacin saukowa ne. A rage haske, a shimfiɗa tabarma, a yi tatsuniya. Na san kakanninmu sun hana ta da rana, amma a nan babu wani lokacin. Minti biyar zuwa takwas ya ishe su, ki kwaikwayi muryar Gizo da ta Ƙoƙi, ki bar su su amsa "ta zo mu ji ta", su kuma rufe da ƙurunƙus. Kacici-kacici masu sauƙi suna shiga kan 'yan biyar: "shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya", sai ki ɗauko tsintsiyar ki nuna. Yawancin yaran da aka haifa a nan suna jin Hausa amma da Larabci suke amsawa. Kada ki tsawata, ki maimaita abin da yaron ya faɗa da Hausa ki ci gaba. Kalmar da aka koya ana zuba ruwa ko ana tsalle ta fi zama. In za a kunna talabijin, ya zama abin da kika zaɓa, minti 20, kina zaune tare da su, ba a tsakiyar kuka ba, don kada su gane kuka ne mabuɗinsa.

Akwai abin da wasa ba zai gyara ba sai iyaye sun sa hannu. A hutun bazara gidaje da yawa a nan dare ke zama rana, yaro yana farke har ƙarfe ɗaya ko biyu, sannan a tashe shi shida. Wannan awa huɗu ko biyar ya yi, ba goma ba. In kin ga yaro ɗaya ne kullum ke fara rikici, ki tambayi mamansa ƙarfe nawa ya kwanta kafin ki ce ƙiriniya ce, kuma ki ware masa katifa a kusurwa tun ƙarfe tara.

Ki sa kowace uwa ta rubuta miki abu huɗu: sikila, asma, ƙarancin G6PD (wani sinadari mai kare ƙwayoyin jini), da abincin da jikin yaron ba ya so, har da alkama saboda salsal. Sikila ba baƙuwa ba ce a cikinmu, kuma ƙishirwa, zafi mai tsanani, da shiga sanyi kwatsam duk suna tayar da ciwon. Mai sikila ya yi wasa da kowa, amma ruwansa ya zama mai ɗan ɗumi, ba ƙanƙara a hannunsa, a goge shi nan da nan, ya sha ruwa fiye da saura, ya huta in ya nema. Ranar ƙura mai asma da kowa ma a ciki za su wuni. Lalle kuma, ko da 'yan matan sun roƙa, kada a sa wa mai ƙarancin G6PD don yana iya fasa masa jini, baƙin lalle kuwa kada ya taɓa fatar kowane yaro.

Ruwan sha, ɗan shekara 1 zuwa 3 yana bukatar kamar kofi 4 na abin sha a yini, ɗan 4 zuwa 5 kamar kofi 5, ranar zafi da guje-guje fiye da haka. Kowa da gorarsa mai suna, ki tsayar da wasa duk minti 20 a sha tare. Fitsari mai duhu ko yaron da bai je banɗaki ba tun safe alama ce. In yaro ya yi laushi, yana zufa sosai, yana kukan ciwon kai ko yana jin amai, ki kai shi ɗaki mai sanyi, ki rage masa kaya, ki shafa masa ruwa, ki ba shi ruwa kurɓi-kurɓi, ki kira mamansa. In bai farfaɗo cikin rabin awa ba, ko jikinsa ya kai digiri 40, ko ya rikice, ko ya suma, ko yana jijjiga, ki kira 997 ko 911 nan take, kina ci gaba da jiƙa shi da fifita kafin su iso. Kada ki ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa, kuma farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. Don tambayar da ba ta gaggawa ba akwai 937 na ma'aikatar lafiya. Ki rubuta lambobin da adireshin raudar a jikin ƙofa, domin mai taimaka miki ma ta iya karantawa in ta ruɗe.

Sai mota. In direba ne ke kawo wasu, a ƙirga su suna sauka, a duba kujerun baya har ƙasan kujera kafin ya rufe, domin yaron da bai yi barcin dare ba a motar yake yi. Motar da aka kashe a rana tana ƙara kusan digiri 10 cikin minti 10, sauke gilashi kaɗan kuma ba ya hana komai. Yaron da aka saba gani bai iso ba har 7:00 kuma ba a sanar ba, ki kira mamansa a lokacin, in ba ta ɗauka ba ki kira direban.